Yadda Baba Habila Ya Wakilci 'Yan Tseren Da

A cikin Hausawan da aiki ya kai Alƙahira, babu wanda ya kai Baba Habila sanin tseren keke, muddin dai shi aka tambaya. Ma'aikaci ne a ofishin jakadanci, gajere mai tumbi, furfura ta gama cinye masa kai, saura 'yan makonni ya yi ritaya ya koma Malumfashi. Yana da wani baƙin keke na ƙarfe zalla, mai birkin sanda da sirdin fata, wanda mahaifinsa ya yi ta shiga ƙauyuka a kansa yana yi wa mutane allura a zamanin da yake malamin asibitin mishan. Duk ƙasar da aka tura Habila, keken nan na cikin kaya. Ya je Yamai, ya je Khartum, ga shi yanzu a barandar hawa na biyar a unguwar Hay el-Sabi', amma tayarsa ba ta taɓa taka titin ko ɗaya daga cikin biranen nan ba. Ran hutu Habila yakan goge shi, ya ɗiga wa sarƙa mai, ya kaɗa ƙararrawa, sannan ya lulluɓe shi da tsohon zani.

Matarsa Rifkatu, wadda kowa ke kira Maman Lami, ta gaji. Da aka fara haɗa kayan komawa gida, ta gaya masa a fili cewa keken nan ya gama yawon duniya. Gurbin da aka ba su a kwantena na murhunta ne da dardumanta, kuma ranar da za su tashi za ta bar wa mai gadin bene keken ya riƙa shanya a kai. Habila ya ce keken da ya san hanyoyin ƙasar Katsina tun ba a haife ta ba, ba a yi masa haka. Ta ce tunda ya san hanya, to ya kama ta da kansa.

Ana cikin wannan 'yar tsama sai lokacin babban tseren keken nan na Faransa ya zo. A ƙasan wani bene akwai ɗakin da Hajiya Batulu, 'yar Gusau, take sayar da tuwo ga ɗaliban da wake da burodin Masar suka gundura, tana kuma da talbijin a bango. Nan Habila ya mayar wurin zamansa da yamma, yana cin tuwo, yana kallon tsere, yana tsaki. A faɗarsa waɗannan ba 'yan tsere ba ne, 'yan gata ne. Ga mota na bin kowa a baya ɗauke da kekuna kamar ana ƙaura. Taya ta fashe, mutum ya ɗaga hannu a miƙo masa wata. Ƙishi ya kama shi, a miƙo gora. Har abin da zai yi ma raɗa masa ake yi ta rediyo a kunne. Mutanen da kuwa, in ji shi, rigar ulu suke sawa, su rataya tayar canji a kafaɗa, su hau duwatsu a kan hanyar burji da giya ɗaya tal. In keke ya karye mai shi ne zai gyara da hannunsa, duk wanda kuwa ya yarda aka riƙe masa ko da guduma ce, ya fita daga tsere.

A cikin masu cin tuwon akwai Ukasha, ɗan Gombe, ɗalibin shari'a, siriri kamar sillen kara. Yana da keken zamani da yake ɗagawa da yatsa biyu, kuma duk safiyar Juma'a yakan bi ayarin samarin Masar su zagaya gari. Ya ce cikin ladabi ai agogo ba ya son kai, na yanzu sun fi na da gudu nesa ba kusa ba, a kan duwatsun nan dai da na da suka hau. Habila ya ce agogon keke yake aunawa, ba mutum ba. Ukasha ya ce ai huhu da cinya ma an auna, na yanzu shekara zagaye suke horo, abincinsu ma a ma'auni yake, alhali yadda ya karanta, wasu daga cikin na da taba suke zuƙa a tsakiyar hanya. Habila ya ce ya gode da wannan hujja da aka kawo masa har gida: mutum ya zuƙi taba kuma ya hau dutse, a nuna masa irinsa a cikin waɗannan masu matsattsun wanduna.

Hajiya Batulu ta ce su rage murya, wannan musu ba shi da ranar ƙarewa, tunda na da sun mutu, ba za a tashe su a jera su da na yanzu ba.

“Ba duka suka mutu ba, Hajiya,” in ji Habila, yana dafa ƙirji da hannun da bai sa a miya ba. “Ga ɗaya nan zaune yana cin tuwonki.”

Sai ya shiga ba su labarin tseren da ya ci yana makaranta, daga ƙofar coci zuwa kasuwa da dawowa. Bai san Maman Lami tana bayan labule ba, ta zo karɓar daddawa. Ta leƙo ta ce tana wurin ranar, su uku ne suka yi tseren, ɗaya akuya ta kayar da shi, ɗaya kuma uwarsa ta kira shi ɗebo ruwa. Ɗalibai suka dara har wani ya ƙware da miya.

Habila ya miƙe tsaye. Ya ce za a yi ta a aikace, daga ƙofar Hajiya zuwa kasuwar Ataba, shi a kan keken mahaifinsa da dokar mutanen da, Ukasha kuma a kan nasa na takarda.

Maman Lami ta fito gaba ɗaya daga bayan labule. “Ba sai ka riga yaron ba, Baban Lami. Kai dai ka isa Ataba da keken nan, babu hannun kowa a kansa, babu hannun kowa a kanka. In ka isa haka, na cire darduma ɗaya a sa shi a kwantena. In aka taɓa, ya zama ɗan Masar.”

Ya ce ya yarda, kowa ya shaida. Aka tsayar da cewa ita da Hajiya Batulu za su bi shi a tasi su zama alƙalai. Ukasha ya ba da shawara a yi da sanyin safiyar Juma'a, lokacin da tituna suke wayam. Habila ya ce mutanen da ba a share musu hanya. Ya zaɓi ranar Asabar, rana tsaka, a tsakiyar watan Yuli.

Ran Asabar ya fito cikin shiga. Ya sa rigar ulun da ya saya don sanyin Janairu, ya cusa ƙafar wando cikin safa, ya rataya tsohuwar taya a kafaɗa ta gitta ƙirji, ya ɗaura tabarau irin na masu walda. Ya fasa ɗanyen ƙwai ya haɗiye yana runtse ido. Gorar ruwa kuwa ya ce ba zai ɗauka ba, ruwa sanyaya gwiwa yake yi. Lif ma bai shiga ba, da kafaɗa ya sauko da keken daga hawa na biyar, yana bugun ƙofar kowane maƙwabci da feda. Kafin ya iso ƙofar Hajiya Batulu rigar ulu ta jiƙe sharkaf, tabarau sun yi hazo, shi kuwa yana cewa wannan ɗumama jiki ne.

Ɗalibai sun cika bakin titi. Habila ya ce wa Ukasha ya yi gaba, ya ba shi rata, kada a ce babba ya zalunci yaro. Ukasha ya ce tamam Baba, ya taka sau biyu ya ɓace a kwana. Habila ya hau, ya kaɗa ƙararrawa, ya danna feda da dukkan nauyinsa. Sarƙa ta zame ta zube ƙasa.

To, akwai abin da Habila bai sani ba game da garin da yake zaune. Shekarunsa na Masar duk tsakanin ofis da gida da ɗakin tuwo ya yi su, Larabcinsa bai wuce “la” da “shukran” ba, wato a'a da na gode. Bai taɓa lura cewa a Alƙahira in an yi maka tayi ka ce a'a, ladabi ka nuna ba, kuma aikin mai tayin ne ya dage har sai ka karɓa. Wanda ya ƙi sau ɗaya mai kunya ne. Wanda ya yi ta ƙi kuwa mutumin kirki ne ƙwarai, sai an taru a kansa.

Yana durƙusawa gaban sarƙar, mai guga na ƙetaren titi ya bar rigar mutane a ƙarƙashin dutsen guga ya taho. Mai ruwan rake ya biyo shi yana goge hannu. Wani mai gashin baki ya tsayar da motarsa a tsakiyar hanya ya fito yana naɗe hannun riga. Daga wata baranda sai ga kwando yana saukowa a igiya, irin wanda mata ke sayen kayan miya da shi, da sifana a ciki. Kowa na cewa ma'alish ya hag, wato yi haƙuri Alhaji, kowa na miƙo hannu.

Habila ya ce la. Suka yi murmushi suka matso. Ya ce la, shukran, la. Suka dubi juna suna jinjina kai, irin na ka ga dattijon arziki, suka ƙara matsowa. Ya zaro famfon keke ya riƙe kamar takobi yana jujjuyawa da shi, mai guga ya ɗauka miƙo masa ake yi ya taimaka da iska. Da abin ya ƙi, sai Habila ya kwantar da keken ya kife a kai kamar kaza bisa ƙwai, yana laluben sarƙa ta ƙarƙashin tumbinsa. Daga tagar tasi ya ji muryar Maman Lami tana gaya wa Hajiya cewa ta sa ido kan mai gashin bakin nan, shi ne zai kawo ƙarshen magana. Jin haka ya sa sarƙa ta hau. Ya miƙe baƙi ƙirin da mai har goshi, ya tura keken a guje ya ɗare, mutane na bin sa da kiran ya tsaya ya sha shayi tukuna.

Ya ɗan samu sa'ida a kan miƙaƙƙen titi. Keken na ƙara kamar tsohuwar ƙofa, amma yana tafiya, har Habila ya fara tsara a ransa yadda zai ba da labarin a Malumfashi. Sai ga gadar sama da ke kaiwa Abbasiya ta miƙe a gabansa. Bai kai rabinta ba numfashi ya fara fita da ƙara, ɗanyen ƙwai ya fara neman hanyar dawowa, keken na tangaɗi hagu da dama.

A nan ne wani mai babur, da matarsa a baya da 'ya'ya a gaba da tukunyar gas a tsakiya, ya tausaya masa. A Alƙahira in ka ga abin hawa ya gaza a hawa, ƙafa kake sa masa a baya ka tura. Habila ya waiga ya ga tafin silifa yana nufo kariyar kekensa. Ya karkata hagu, silifa ta bi shi. Ya karkata dama, ta bi shi, matar tana ba mijin umarni daga baya. Tsoron taimako ya yi masa abin da horo bai taɓa yi ba. Ya miƙe tsaye a kan feda, ya taka kamar an sako kare, bai san lokacin da ya kai ƙololuwar gadar ba. Ya ɗaga hannu ɗaya sama don alƙalan tasi su gani.

Da aka fara gangara ya ja birki. Sandar birkin ta fito a hannunsa gaba ɗaya. Ya dube ta, ya sa ta a aljihu, domin mutum ne mai adana kaya. Keken da ya yi shekaru yana hutawa a baranda ya tuna ƙuruciyarsa. Habila ya sa takalmi a ƙasa, tafin takalmin ya rabu da shi ya yi baya. Wani yaron ƙaramar bas da ke maƙale a ƙofa ya miƙo masa hannu yana cewa ya kama, ya kama. Habila ya ɗaga gwiwar hannu ya kore shi, sai tayar da ke kafaɗarsa ta zamo ta ɗaure masa damatsa biyu a jiki. Haka ya shigo dandalin Abbasiya, ba birki, ba hannu sosai, ƙararrawa na kaɗa kanta.

Lokacin tin shoki ne, 'ya'yan itacen nan masu zaƙi da ake turawa a amalanke, waɗanda bawonsu ke cike da ƙayoyi sirara kamar gashi, har mai sayarwa ma sai da safar hannu yake taɓa su. Cikin dukkan amalanken dandalin, na mangwaro da na kankana da na inabi, wannan keken ya zaɓa.

Da ƙura ta lafa, Habila na kwance a tsakiyar tin shoki, rigar ulu ta kwashi ƙaya gwargwadon iyawarta. Jama'a suka yo kansa za su ɗaga shi. Ya shiga mirgina a ƙasa yana guje wa hannaye, yana la, la, kowace mirginawa na ƙara cusa masa ƙaya. Wata tsohuwa daga hawa na farko ta ga dattijo na birgima a rana cikin rigar sanyi, ta tabbatar zafi ne ya taɓa masa kai, ta sheƙo masa bokitin ruwa.

Tasi ta tsaya. Habila ya rarrafa wurin taga yana ɗigar ruwa ya ce ai sun gani, bai roƙa ba. Hajiya Batulu ta ce a fahimtarta duk ruwan da ya zo daga sama ruwan sama ne. Maman Lami ta ce ta amince, ba don hujjar ta gamsar da ita ba, sai don ba ta biya tasi don a tashi wasa a Abbasiya ba.

Mai amalanken, maimakon ya yi faɗa, sai ya fere ɗaya mai sanyi ya miƙo masa a bakin wuƙa. Harshen Habila ya bushe kamar ƙirgi. Ya dubi abin nan ja yana naso, ya haɗiyi abin da ya rage masa na yawu, ya ce la. Mutumin ya dafa ƙirji ya juya ga jama'a yana shaida musu cewa irin waɗannan bayin Allah sun yi ƙaranci a duniya.

Tayar gaba ta lanƙwashe kamar faifan da aka zauna a kai. Habila ya ce wannan ba komai ba ne, mutanen da a kafaɗa suke ƙarasawa da keke. Ya saɓa shi ya kama titin da ke gangarawa Ataba, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya da saman takalmi kawai. Bai yi nisa ba sai ga Ukasha ya dawo. Ya ce ya isa Ataba tun ɗazu, ya yi salla, ya sha ruwan rake, ya ji shiru shi ne ya biyo sawu. Habila ya ce masa, tsakanin numfashi da numfashi, cewa isa da wuri ai ko bas tana yi.

Zuwa yanzu mutanen dandali sun biyo shi a baya, kowane lungu kuma na ƙaro wasu. Wani ya leƙa tasi ya tambayi direba daga ina wannan dattijo yake. Direba ya ce matan sun ce daga Nijeriya. Aka ce da wannan keken? Direba ya ɗaga kafaɗa ya ce shi dai tun da ya gan shi a kansa yake. Aka dubi rigar ulu, aka dubi tabarau na ratsa rairayi, aka dubi takalmin da tafiya ta cinye, aka tuna bai karɓi ko ruwa ba. Kafin a kai kwana ta gaba labari ya gama titi cewa wani tsoho ne ya taso daga ƙasar Takruru, wato Afirka ta Yamma, a kan keke zai je Makka, irin na kakanni, kuma ya yi alwashin ba zai karɓi komai a hannun kowa ba.

Sai tayi ya tashi daga na gyara ya koma na neman lada. Ga mai dabino, ga mai burodi, ga mai tura masa laima bisa kai. Mata na roƙonsa ya sa su a addu'a in ya isa. Habila ya ce wa Ukasha don Allah ya yi musu bayani. Ukasha ya buɗe baki dariya ta ƙwace masa, ya sake buɗewa ta sake ƙwacewa. Da ƙyar ya iya ɗaga murya ya ce jama'a ku yi haƙuri, wannan bawan Allah Kirista ne.

Sai wani mai kantin magani, da ɗan zanen gicciye a wuyan hannunsa, ya kutso yana cewa to ai shi ke nan, Ƙudus za shi, nasu ne, a ba shi hanya. Ya kira maƙwabtansa suka fito. Na farko suka ce su suka fara ganinsa tun Abbasiya. Na biyu suka ce baƙonsu ne. Aka yi ta ja har aka daidaita a kan abu ɗaya: ko Makka ko Ƙudus, abin kunya ne ga unguwa a ce tsoho ya ratsa ta da ƙafa da keke a kafaɗa.

Habila na jin lasifikokin 'yan kasuwar Ataba a gabansa, yana hango rumfunan farko. Ya tattara sauran ƙarfinsa ya fara gudu. Wani mai sayar da barguna ya lura cewa ƙaya ce ta hana a kama shi, sai ya warware bargo mai zanen damisa ya tare shi da shi. Aka naɗe Baba Habila kamar tabarma, kai kawai a waje, aka ɗaga shi sama. Keken kuma ya bi ta kan jama'a daga hannu zuwa hannu, babu wanda bai so ya taɓa ba. Mata suka saki guɗa. Daga can sama ya hango Maman Lami ta fito rabin jiki ta tagar tasi tana nuna keken da yatsa.

“Baban Lami,” ta kira shi, “na fara ƙirga hannayen, na bari.”

A ƙofar wani babban shagon kekuna aka sauke shi. Mai shagon, Hag Hasan, ƙato mai carbi, ya ji labari tun kafin ayarin ya iso. Ya rantse cewa baƙon Allah ba zai ci gaba da tafiya a kan wannan karyayyen ƙarfe ba. Ya sa aka fito da sabon keke mai giya rututu, tsohon kuma ya ce a bar masa shi don albarka. Habila ya ce la. Aka ƙara masa fitila. Ya ce la, la. Aka ƙara hular kwano da gorar ruwa. Ya buɗe baki zai sake, Ukasha ya matso kunnensa.

“Baba, ka ce shukran ka yi shiru. In ka ƙara ɗaya babur za su ba ka.”

Yana tsaye cikin bargo ya ga an ɗaga keken mahaifinsa da igiya an rataye shi bisa ƙofar shagon, jama'a na tafi.

Kwanaki Maman Lami ta yi tana cire masa ƙaya da hantsaki. Ba ta yi masa gori ba sai kaɗan. Habila ya daina zuwa ɗakin tuwo, ya daina kallon tsere. Da safe yakan fita baranda ya tsaya inda keken yake a da, ya dubi tabon mai a ƙasa, ya dawo. Sabon keken na jingine a falo, ko kallonsa ba ya yi. Ana saura kaɗan a zo ɗaukar kaya, ta fito da darduma ɗaya daga cikin ƙulli ta ajiye gefe.

“Ka faɗi, wannan babu musu,” ta ce. “Amma a kan keken nan mahaifinka ya zo ya yi mini allura ina yarinya. Ka mayar musu da nasu ka karɓo shi.”

Ya sa kaftaninsa mai kyau, ya ɗauki Ukasha ya yi masa tafinta, suka ɗora sabon keken a kan tasi suka tafi Ataba. Hag Hasan ba ya nan, ƙanensa ne a shago. Keken kuwa na nan bisa ƙofa, an goge shi yana sheƙi, an zagaye shi da ƙananan fitilu masu launi, tayar nan a lanƙwashe yadda take. Mutane sun tsaya a ƙarƙashinsa sun ɗaga kai, wasu na ɗaukar hoto, ƙanen Hag Hasan na tsakiya yana bayani da hannu biyu.

Ukasha ya riƙa fassara masa a hankali. Wai mai keken wani dogon mutum ne, ƙirjinsa kamar ƙofa, ya taso daga bayan hamada ta hanyar Sudan. Wai ya hau gadar Abbasiya babura na bin sa ba su cim masa ba. Wai ya sauko ba birki, hannayensa a naɗe, don ya nuna ba ya tsoro. Wai sai da unguwa guda ta taru kafin a iya tsayar da shi. Ƙanen Hag Hasan ya hango Habila a gefe, ya dubi tumbinsa, ya dubi tasin da ta sauke shi, ya yi dariya ya ce wa jama'a su duba, irinmu na yanzu ko zuwa kasuwa sai an ɗauko mu.

Ukasha ya ce, “Baba, in gaya masa?”

Habila ya daɗe yana kallon keken. Tun rasuwar mahaifinsa babu wanda ya ɗaga kai ya dube shi sai shi kaɗai, a baranda, a ƙarƙashin zani. Ya cire hula ya share goshi ya mayar.

“Gaya masa na san mutumin,” ya ce. “Gaya masa kuma ya gyara labarinsa. Ba ta Sudan ya biyo ba, hamada ya ratsa a miƙe. Birkin ma tun Agadas ya tsinke.”

Ukasha ya fassara. Jama'a suka juyo gaba ɗaya. Aka kawo kujera, aka aika a kawo shayi, ƙanen Hag Hasan ya kori masu tsayuwa a gaba don na baya su ji. Habila ya gyara zama ya fara daga ƙofar coci a Malumfashi. Har aka kira la'asar bai kai iyakar Libiya ba. Ukasha ya nemi wani ɗalibi ɗan Zariya da ya zo sayayya ya riƙe masa fassarar, ya fita waje ya kira Maman Lami a waya, ya ce mata ta mayar da dardumarta cikin kaya.